Mahaifiyata ta kamu da gigin tsufa: mu kai ta gidan kula da tsofaffi?

*"Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta kusa shekara 80, muna zaune da ita a Kaduna. Shekara biyu ke nan da ta fara mantuwa, yanzu kuma abin ya yi yawa. Sai ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, tana cewa matar ƙanena na sace mata kuɗi, da yamma kuma ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta, alhali a gidan take. Watan jiya ta fice ba mu sani ba, sai bayan isha'i wani mai adaidaita sahu ya dawo mana da ita. Ni ce ke kwana da ita, ga aiki ga yara, wallahi na gaji. Yayanmu da ke Ingila ya ce a can akwai gidajen da ake kula da irin waɗannan tsofaffi, mu nemi irinsu a Abuja ko Legas, shi zai biya. Dangi sun ce abin kunya ne, ƙanwar mahaifiyar tamu har cewa ta yi ba za ta yafe mana ba. Mene ne gaskiyar waɗannan gidaje, kuma me ya kamata mu yi?"*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na fara aiki a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Arewa, daga baya na yi shekaru a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, irin wanda yayanku yake nufi.

A fahimtata abu uku kike tambaya: me ke damun Hajiya, me ake yi a waɗannan gidaje har ake ganin za su fi gida, sannan ko kai ta can yasar da ita ne. Akwai na huɗu da kika faɗa cikin kalma biyu kika wuce, wato "na gaji", kuma a wurina shi ne ya fi gaggawa. Hajiya ta kai matakin da take buƙatar ido a kanta awa 24, kuma babu ɗan Adam ɗaya da zai iya wannan, komai ƙaunarsa. Saboda haka ainihin abin da za ku warware shi ne: su waye za su riƙa karɓar juna dare da rana, kuma me suka iya? A gidanku za a yi ko a wani gida, wannan ya biyo baya.

A fara da likita

Ban ga Hajiya ba, kuma ba a gane wannan ciwo daga wasiƙa, amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da wanda likitoci ke kira dimenshiya, mu kuma muke cewa gigin tsufa ko ruɗewa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya manta cewa a ɗakinsa yake zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus mai wannan suna ya fara bayaninta a 1906, ita ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Mai bi mata ita ce wadda lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke kawowa, sakamakon hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan muna ganin ta da yawa saboda yadda hawan jini ke daɗewa a jikin mutanenmu ba a kama shi ba. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka suka fara bin tsofaffin garuruwan biyu suna kwatantawa. Sun tarar ciwon ya fi yawa a can, amma sun same shi a Ibadan ma, don haka ba ciwon Turawa ba ne.

Dalilin da ya sa nake matsa ki da ganin likita shi ne, akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo ko su ƙara masa ƙarfi, kuma suna da magani: ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin ƙullin wuya da likitoci ke kira thyroid (wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo), ciwon damuwa, jinin da ya taru a kai bayan faɗuwa, da wasu magungunan da tsofaffi ke sha barkatai. Kurumta da yanar ido ma suna ƙara ruɗa tsoho. A Kaduna kuna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kada sunan asibitin ya tsorata ku, likitocin da suka san wannan ciwo a nan suke. Ki tafi da duk wani magani da take sha a leda, har na gargajiya, kuma wadda ke kwana da ita ce ya kamata ta yi wa likita bayani.

Akwai magunguna kamar donepezil da memantine da kan rage saurin lalacewar tunani na wani lokaci ga wasu, amma ba sa warkarwa. Wanda nake roƙon ku guje masa shi ne zuwa kyamis a sayo na barci. Diazepam da danginsa suna sa tsoho faɗuwa da ƙarin ruɗewa. Haloperidol da ire-irensa, magungunan taɓin hankali, suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan ciwo, kuma ga mai nau'in da ake kira Lewy, wanda kan ga mutane ko dabbobin da babu su, suna iya sandarar da jiki gaba ɗaya. Ki kuma riƙe wannan: duk ranar da Hajiya ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kuka saba, cikin kwana ɗaya ko biyu, to wani ciwo ne ya shigo, galibi sanyin mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ƙishirwa ko bushewar ciki. Asibiti za a kai ta ranar.

Abin da ake yi a gidajen Ingila

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake taimaka wa tsoho da wanka, sa kaya, cin abinci da shan magani, akwai kuma wanda ma'aikaciyar jinya ke nan dare da rana saboda masu ciwon da ya yi nisa. Kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje suna da gigin tsufa ko mantuwa mai tsanani. Hukuma ce mai suna CQC ke yi musu rajista, tana kai ziyara, ta ba su maki, ta wallafa rahoto kowa ya karanta. Tsada ce da su sosai, na masu wannan ciwo kan haura fam 1,000 a mako, kuma wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biyan nasa, shi ya sa wasu iyalai ke sayar da gidan iyayensu. A Holan har unguwa guda aka gina musu a garin Weesp a 2009, da kanti da wurin aski da lambu, suna yawo yadda suke so amma ƙofar fita ɗaya ce.

Abin da ya fi amfani a gida mai kyau guda huɗu ne: ma'aikata na canjin aiki, don haka wadda ke tare da tsohuwa da ƙarfe ukun dare ta yi barcinta da rana, an koya musu yadda ake magana da mai ruɗewa, an gyara wurin yadda ba za a ɓata ko a ji ciwo ba, kuma komai na da lokacinsa, yau kamar jiya. Akwai wata dattijuwa da muka kula da ita wadda kullum ƙarfe uku na rana sai ta sa kwat ɗinta ta tsaya bakin ƙofa tana jijjiga ta, wai za ta ɗauko yara daga makaranta. Yaran nan su ma sun yi jikoki. Duk sabuwar ma'aikaciyar da ta ce mata "yaranki ai sun girma" sai ta sha zagi da kuka. Abin da ya yi aiki shi ne, kafin ƙarfe uku wata ta zo mata da kwandon tawul ta ce ta taya ta ninkewa, suna yi tana tambayar ta sunayen yaran da wanda ya fi ƙiriniya. Kafin su gama ninki lokacin ya wuce, sai a kawo shayi.

Kada kuma a ɗauka can aljanna ce. Na ga daren da ma'aikata biyu ke riƙe da bene guda, na ga tsofaffin da babu mai leƙo su sai ranar Kirsimeti. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne tsofaffin da suka je ƙasar da girmansu. Ciwon kan goge harshen da aka koya daga baya ya bar na ƙuruciya, sai ka ga mutumin da ya yi aikin shekara 40 da Turanci ya koma ba ya jin komai sai harshen uwarsa, kuma babu mai amsa masa.

Ko akwai irinsu a nan?

Akwai gidajen tsofaffi masu zaman kansu a Legas, Ibadan da Abuja, wasu na coci-coci, wasu na 'yan kasuwa. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012, gwamnatin tarayya kuma tana da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa wadda ta fara aiki a 2021. Gidajen gajiyayyu na gwamnatocin jihohinmu na Arewa kuwa don waɗanda ba su da kowa aka yi su, ba a tsara su don jinyar wannan ciwo ba. Sa idon hukuma a kan masu zaman kansu bai kai na Ingila ba, don haka ku ne masu binciken.

Ra'ayina shi ne, a halin da ake ciki ban ga ribar ɗauke Hajiya daga Kaduna zuwa Legas ba. Tsohuwar da a ɗakinta ma take neman "gida", a kai ta inda ba a jin Hausa, abincin ba nata ba, babu fuska ɗaya da ta sani, kuma ba za ku iya leƙa ta duk mako ba, wannan ƙara mata firgici ne. Canjin wuri kansa yakan jefa masu wannan ciwo baya. Abubuwa huɗun nan masu amfani da na lissafa a gidajen Ingila ana iya kawo mafi yawansu cikin gidanku da kuɗin da yayanku ya ce zai biya, ƙila ma da ƙasa da shi.

Yadda za a tsara kulawar a gida

Dare za a fara da shi. A ɗauki mace babba mai hankali, mai jin Hausa, wadda aikinta kawai kwana da Hajiya, ta yi barcinta da rana, a biya ta albashi na mutunci, a ba ta ranar hutu. In da hali a samu ta biyu ta rana. Fuska biyu ko uku da ba sa canzawa sun fi goma masu zuwa da tafiya. Ki nemi wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta koya musu wanka, ɗagawa da juya mara lafiya, ta riƙa leƙowa lokaci-lokaci tana auna jini. Don Allah kada a ɗora wannan a kan yarinya 'yar aiki mai shekara 12. Zalunci ne a kan yarinyar, haɗari ne ga Hajiya. A ajiye littafi ɗaya a ɗakin ana rubuta abin da ta ci, ruwan da ta sha, maganinta, bayan gida da barci. Likita zai gode muku.

Rikicin yamman nan sananne ne, daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. Gidan da take nema yawanci gidan iyayenta ne ko na aurenta na fari, inda take da aikin yi kuma ake jiran ta. Gardama ba ta kai ko'ina, domin ɓangaren da zai karɓi hujja shi ne ya lalace. Ki ce, "To Hajiya, bari a yi sallah mu tafi. Wa kika baro a gidan?" Ki bar ta ta ba ki labari. Ko ki ɗauki mayafinki ku zaga tsakar gida ko layi tare, ku dawo. Tun kafin lokacin ya yi a ba hannunta aiki: tsintar wake a faifai, ɓarar gyaɗa, ninke zannuwa, jan carbi, ko a kunna mata karatun Alƙur'ani da muryar da ta saba. Za ki yi mamakin yadda wadda ta manta sunan jikanta za ta bi sura ba tuntuɓe. A kunna fitila tun duhu bai shigo ba, a rage hayaniyar talabijin da yara. In ta tambayi mamaci, kada a riƙa sanar da ita rasuwar kullum, domin duk lokacin sabon rashi ne a wurinta. "Kina kewarsa ko? Ba ni labarinsa" ya isa, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Maganar sata ina so ki ɗauke ta da muhimmanci, saboda tana raba zumunci. Hajiya ce ke ɓoye kuɗin, a ƙarƙashin katifa, cikin kwalla ko a ƙulle a bakin zani, ta manta, ƙwaƙwalwarta kuma ta cike giɓin da wadda ta fi gani kusa. Ku gano maɓoyanta, ku ajiye jaka ta biyu da ƙananan kuɗi, in ta fara ku ce "mu duba tare". Sannan ke da ƙanenki ku wanke matarsa a gaban dangi da bakinku, kada a bar zancen yana yawo. In ta ce ba ta ci abinci ba, a ba ta ɗan abu kaɗan, ayaba ko kofin kunu, ba sai an nuna mata kwanon da ta cinye ba. A riƙa miƙa mata ruwa ba sai ta nema ba, musamman a bazara.

Fitar da ta yi ita ce ta fi ba ni tsoro. Mun sha jin yadda ake taruwa a kan tsohuwar da aka tsinta da asuba tana sambatu, a ce mayya ce. A ɗinka ƙyalle mai sunanta da lambar waya biyu a cikin hijabanta da zannuwanta, ku ɗauki hotonta na yanzu a waya. A gaya wa maƙwabta, mai shagon bakin layi, liman da mai unguwa halin da take ciki, ɓoyewa ba ta kare ta. A sa sakata can sama a ƙofar zaure, a rataya ƙararrawa. A rufe rijiya, a kulle tukunyar gas, a kwashe kalanzir da fiya-fiya da ake zubawa a gorar ruwa. A sa fitilar sola a hanyar banɗaki, da fo ko kujerar bahaya kusa da gado. Amma kada a ɗaure ta, kada a kulle ta a ɗaki ita kaɗai. Maganar fanshonta, katin banki da takardun fili kuma ku zauna ku daidaita yanzu, da shaidu, a rubuce.

Ƙanwar Hajiya da maganar kunya

Ni ba malama ba ce, hukuncin sallarta da azuminta ku kai wa malami, ku yi masa bayanin ciwon sosai. Amma Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har bai san komai ba bayan ya sani, Suratul Isra'i aya ta 23 kuma ta hana a ce wa iyaye ko da "tir" idan tsufa ya riske su a wurinmu. Wannan umarni a kan 'ya'ya duka yake, maza da mata. Ɗiyar da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba ita ce ta fi kusa da daka wa uwarta tsawa, ta koma ɗaki tana kuka. Neman hannu na biyu hanya ce ta kiyaye ayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙanwar Hajiya tsoro take ji kada a wulaƙanta 'yar'uwarta, kuma tana da gaskiya ta ji. Kada ku yi faɗa da ita. Ku gayyace ta ta kwana biyu a ɗakin, ku kuma ba ta rana ɗaya a mako da za ta zo su yi hirar da, domin ita ce ta san mutanen da Hajiya ke ambato. A kira taron 'ya'ya, har da na Ingila ta waya, a raba komai da suna: wa ke biyan albashi, wa ke kai ta asibiti, wa ke karɓar ki ranar Asabar. Ke ma ki je a auna jininki.

Idan gida ya gaza

Akwai lokacin da nake ba iyali shawarar su nemi wuri, kuma ba na jin nauyin faɗa: idan tsoho ya fara duka har ana jin ciwo, idan yana ficewa duk da matakan da aka ɗauka, idan ya kwanta kuma babu masu juya shi duk bayan awa biyu har gyambon kwanciya ya fara, ko mai jinyar ita ma ta kwanta kuma babu madadi. In ta kai ga haka, mafi kusa da ku shi ne mafi alheri. Ku je ba tare da sanarwa ba, da yamma, ku sake komawa wata rana. Hancinki zai fara ba ki labari tun daga ƙofa. Ki duba ko tsofaffin duk gyangyaɗi suke da rana tsaka, alamar ana ɗirka musu maganin barci ke nan. Ki dubi wuyan hannunsu ko da shatin ɗauri. Ki tambayi ma'aikata nawa ke kwana da tsofaffi nawa, su wa ke jin Hausa, mace ce za ta yi mata wanka, wane likita ke zuwa, wane asibiti ake kai su da dare, kuma ko za ku iya shigowa duk lokacin da kuka so. Gidan da ya ƙayyade muku ziyara zuwa awa ɗaya a mako, ku juya. Ku fara da gwajin mako biyu, a tafi mata da bargonta, dardumarta da butarta.

Ciwon zai ci gaba, a gida ko a can, saurinsa kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum, wasu sukan yi shekaru da yawa. Nan gaba fitsari zai riƙa kufce mata, tafiya ta yi wuya, daga ƙarshe haɗiya ta gagara. A wannan matakin bincike bai nuna cewa robar abinci ta hanci ko ta ciki tana ƙara kwana ga wanda ciwon ya yi nisa ba, abin da aka fi ba da shawara shi ne ciyarwa da cokali a hankali, tana zaune a miƙe, da abinci mai kauri kamar kunu ko fate maimakon ruwa tsararo da ke shaƙewa. Ku tattauna wannan da likitanta da sauran 'yan'uwanki tun yanzu da kuke da natsuwa, ku rubuta abin da kuka amince a kai a littafin nan na ɗakinta.